Tambayar da Tirzah Ta Yi Ranar Lahadi

Litinin, 12 ga Mayu, da safe

Yau ma fensir uku na ajiye a kan tebur, alhali ɗalibaina biyu suka rage. Boaz ya kalli na ukun, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai kan lissafinsa. Selah kuwa, da yake shekararta shida kuma bakinta ba linzami, ta tambaya ko Tirzah za ta dawo kafin abincin rana. Na ce ta buɗe shafin da muka tsaya.

Tirzah, 'yata ta fari, tana gidan ƙanwata Lorna a Tulsa tun waccan Lahadin. Ba zan rubuta abin da aka faɗa a teburin nan ba. Mun dawo coci, muna cin nama da dankali, ta yi wa babanta tambaya ɗaya. Ya ba ta amsar da ba amsa ba ce. Kafin rana ta faɗi motar Lorna tana ƙofar gida. Iyakar abin da hannuna zai iya sa wa a takarda ke nan.

Ga shi ƙarshen wata za mu tafi Springfield taron iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida, kamar yadda muke yi kowace shekara. Bana kuwa shekarar Tirzah ce, za a yaye ta. A wurinmu ba wani baƙo ke miƙa wa yaro takardar kammala karatu ba. Uwa ce ke miƙawa da hannunta, uba kuma ya sa albarka a gaban jama'a, minti ɗaya ake ba shi. Shekara goma sha biyu ina koyar da yarinyar nan a kicin ɗina, tun daga baƙi da wasali, ina hango ranar. Rigar yayen tana rataye bayan ƙofar ɗakin ajiya, kullum sai na ture ta kafin in ɗebi fulawa.

Laraba, 14 ga Mayu, da yamma

Mijina Wendell ya ce tafiya tana nan, kuma yarinya za ta sauko da kanta. Yara suna kiransa Hedimasta, domin a makarantarmu shi ne shugaba, ko da yake aikinsa a ciki bai wuce leƙowa da hannu duk baƙin mai ya ce a yi wa Mama biyayya ba. Gyaran famfon rijiya ne sana'arsa, dattijo ne kuma a coci. Tun da na aure shi ban taɓa jin an tambaye shi abu ya rasa aya ba.

Ɗazu na kai masa kofi gareji, na tarar yana bitar albarkar da zai sa mata, yana karanta wa wani tsohon inji. Na laɓe na saurara, Allah ya yafe min. Aya ce a kan aya, daga Zabura zuwa Karin Magana. Abin da ya ba ni mamaki, har ya kai ƙarshe bai ambaci sunanta ba. Mantuwa ce, ko sunan ne ke maƙale masa a wuya? Ina son in sani, amma kofin kawai na ajiye na fito.

Juma'a, 16 ga Mayu, da rana

Ba ta kira ba. Kaza ta yi ƙwai a cikin takalmin Boaz.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan coci

Mata uku suka tambaye ni ina Tirzah, duk na ce ta je ganin innarta. Ba ƙarya na yi ba, amma ban ji daɗin bakina ba. Matar fasto ta riƙe hannuna ya fi na kullum daɗewa, ta ce tana sa mu a addu'a. Wa ya gaya mata akwai abin sa wa a addu'a? Duk tsawon wa'azi ƙeyar mutane nake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, ina auna wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ko aya ɗaya ban riƙe ba.

Nama da dankali na dafa, don Lahadi ce. Ba wanda ya nemi ƙari.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Na kira Lorna. Malamar makarantar gwamnati ce, tun ranar da na ce 'ya'yana a gida za su yi karatu muke sa-in-sa da ita, sai dai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ta ce yarinya tana ci tana barci. Ta ce ta samu wani asibitin dabbobi kusa da su, tana zuwa wanke keji, ta dawo tana warin kare tana murmushi. Ta kuma ce ta rage gashinta. Na tambaya har ina aka rage, ta ce in na gani na sani.

Daga nan ta hau yi min dariya, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta tuna min lokacin da nake shekara tara, na tsare fastonmu a bakin ƙofa sai ya gaya min inda Kayinu na Littafi Mai Tsarki ya samo mata, har ya roƙi mahaifiyarmu ta riƙa fita da ni ta ƙofar baya. Wallahi na manta da wannan, kuma har yau ba wanda ya ba ni amsa.

Na ce, "To ta ce miki za ta zo Springfield?"

Ta ce, "Ban tambaye ta ba, Darla. A gidanku ai tambaya ce ke korar mutum."

Na ajiye wayar ba sallama. Na ji haushi ƙwarai.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Na kwashe tsofaffin littattafan Tirzah cikin kwalaye, domin a taron akwai zauren da iyaye ke sayar wa juna waɗanda yara suka gama da su. A ƙasan kanta na ci karo da littafin halittu, mai tabo a bango. Har yanzu warin maganin kwaɗon nan bai bar shi ba. Tana shekara goma sha uku aka aiko mana da kwaɗon cikin kwalba, muka shimfiɗa jarida a teburin cin abinci muka feɗe shi da 'yar aska. Wendell ya leƙo, ya ga hanji, ya tuna akwai famfon da ke jiransa a wata gona. Ni da ita muka raba yini a kansa, tana tambaya ina duba littafi, in littafi ya gaza mu hau zato. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba.

A bangon da ke saman teburin akwai allon da na rubuta da fenti tun tana ƙarama: Matambayi ba ya ɓata. Yau na daɗe ina kallonsa. Ni na rubuta, ni na rataye, kuma ranar Lahadin nan ina zaune a ƙarƙashinsa ban ce uffan ba.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Misis Ledbetter, mai shirya bikin yaye, ta kira tana tabbatar da sunaye. Ta ce duk yaron da ba zai samu zuwa ba a gaya mata kafin tsakar ranar jajibere ta soke sunansa, domin ba abin da ya kai a kira suna iyaye suna tsaye a kan dandamali ba kowa ya fito muni. Ta ce ya taɓa faruwa, uwar ba ta sake zuwa taro ba. Na so in tambaye ta ina matar take yanzu, sai na ce kawai zan kira ta.

Na gaya wa Wendell. Ya ce kada a soke sunan, ya ci gaba da ɗaure takalmi.

Litinin, 26 ga Mayu, da rana

Na goge rigar. Ban san wa na goge wa ba.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma, a masauki

Mun taso da sassafe a Jirgin Nuhu, tsohuwar motarmu da yara suka raɗa wa suna saboda ba abin da ba ta ɗauka. Kujerar Tirzah ita ce ta baya wajen taga. Wendell ya so ɗora kwalin littattafai a kai, Boaz ya ce akwai wuri a ƙasa, ya tura shi ƙarƙashin ƙafafunsa, haka ya yi tafiyar gwiwa a haɓa. Na dafa ƙwai cike da roba, na yi burodi da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Wendell ya kunna wa'azin da yake kunnawa kowace shekara, har na san inda mai wa'azin ke tari.

Bayan mun wuce Enid, Selah ta hango shanu a wani fili, ta tambaya me ya sa dukansu gefe ɗaya suke fuskanta. Babanta ya ce a yi shiru ana wa'azi. Na waiwaya na duba, gaskiyarta, duk sun juya wa yamma baya kamar an jera su a coci. Shekara nawa ina wuce shanu ban lura ba? Daga nan duk garken da muka wuce sai na leƙa.

Muka doshi Tulsa. Sai ji na yi mota ta rage gudu, Wendell ya kunna sigina ya sauka daga babban titi, wai yana son duba taya. Tayar ba ta nuna ciwonta ba sai a ƙofar gidan Lorna. Bai kashe inji ba, bai kuma fito ba. Na ɗauki rigar na ƙwanƙwasa, ba kowa, Lorna tana makaranta, ita kuma tana wajen karnukanta. A bakin ƙofa akwai takalman roba masu dogon wuya, duk laka. A igiyar shanya akwai wando guda biyu waɗanda sun yi wa Lorna tsawo. Na tsaya ina kallonsu kamar zan gane wani abu a jikinsu. Na rataye rigar a ƙusar fitila na dawo.

Wendell ya tambaya ko tana nan, na ce a'a. Ya ce tayar ma lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Filin ajiye motoci cike yake da irin Jirgin Nuhu, kowace da zanen yara a jere a gilashin baya, wasu takwas wasu goma. Na baza littattafaina a teburin da aka ba ni. Abin da na manta shi ne, a zauren nan ba a sayen littafi sai an tambayi labarin wanda ya karanta shi. Kowace uwa ta ɗaga littafi sai ta ce, ya yi miki aiki? Yarinyar fa, yaya ta fito? Ta farko na ce lafiya lau. Ta biyu ma haka. Kafin ta biyar na ji kamar mai tallan maganin da bai warkar da ita ba.

Sai na juya abin. Duk wadda na ga furfura a kanta, in ta gama tambayata, sai in ce, ke fa, ina ɗanki na fari? Abin mamaki, kamar jira suke a tambaye su. Ɗaya ta ce nata yana aikin bishara a ƙetare, ta nuna min hoto. Ɗaya ta ce tata tana tuƙa babbar mota a Texas, tana kira duk Asabar, coci kuwa ba a maganarsa. Wata mai 'ya'ya takwas ta yi dariya ta ce ɗan fari ai gonar gwaji ne, a kansa ake gane irin da ba ya fita. Wata kuma ta gyara jerin littattafanta da suke a gyare, ta ce yana nan dai, ban ƙara matsa mata ba. Shekara da shekaru muna haɗuwa a nan muna gardama a kan wane littafin lissafi ya fi, ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin labaran nan ba.

Can wata yarinya mai goyo, da ƙyar in ta kai ashirin da biyar, ta ɗauki littafin halittu ta shinshina, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "'Yar'uwa, wannan ba ya sa yara yawan tambaya kuwa?"

Na ce, "Yana sa wa. Sosai ma."

Ta ajiye shi a hankali ta yi gaba. Ni kuma na ɗauke shi daga tebur na sa a jakata.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan tsakar rana

Misis Ledbetter ta same ni da biro a hannu, ta ce lokaci ya yi, Tirzah Yarbrough tana nan ko a soke? Wendell yana zauren maza, ana koya musu yadda uba ke shugabantar gida. Wayata kuwa shiru tun Laraba, ko na gode da riga babu. Na ce kada ta soke. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce mu ne na ƙarshe a jerin, sunanmu ne zai rufe taro.

Na je neman Wendell, aka ce ya fita tun ana tsakiyar jawabi. A mota na same shi, ƙofa a buɗe, robar ƙwai a cinya. Na zauna kusa da shi. Ban shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta.

Na ce, "Wendell, abin da yarinyar nan ta tambaye ka, ni ma fa ina son jin amsarsa. Tun kafin a haife ta nake son ji."

Ya daɗe yana ɓare ƙwai ɗaya, yana tara ɓawon a tafin hannu. Na zaci aya za ta fito. Ya miƙo min ƙwan, ya ce in ci, ban ci komai ba tun safe.

Asabar, 31 ga Mayu, da safe

Ba ta kira ba. Lorna ma ba ta ɗauka. Na sa wa Selah rigarta a bai-bai, Boaz ne ya lura.

Asabar, da yamma

Bari in rubuta tun hannuna bai manta ba.

Yara suna shigowa ta ƙofar hagu in an kira su, iyaye suna jira a kan dandamali. Muka zauna muka kalli iyali bayan iyali. Ubanni suna ta zuba aya, wani har Misis Ledbetter ta ɗaga masa agogo. Ni dai ƙofar nake kallo. Da aka zo kanmu muka hau, takardar tana hannuna, na riƙe ta har gefenta ya jiƙe. Aka kira suna. Ba kowa. Na ji wata kujera ta yi ƙara a cikin jama'a, na ji Selah tana tambayar Boaz wani abu.

Sai ga ta. Rigar duk ta yamutse, da alama a kujerar mota ta yi tafiya. Gashin iya kunne. A ƙasan rigar takalman robar nan ne, an wanke su dai. Can bayan zaure na hango Lorna ta harɗe hannu a ƙirji, tana zaune a tsakiyar mutanen da ta daɗe tana cewa ba su da hankali. Na miƙa wa 'yata takardarta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce na gode, Malama. Idona ya cika, ban ga fuskarta sosai ba, kuma wannan ya ba ni takaici don na yi sati huɗu ina son ganinta.

Aka ba Wendell abin magana. Ya zaro takardar bitarsa daga aljihu, ya buɗe, ya dube ta, ya ninke ya mayar.

Ya ce, "Tirzah. Tambayar da kika yi min ranar Lahadin nan, ban san amsarta ba. Abin da ya kamata in ce miki ke nan tun a ranar."

Shi ke nan albarkar. Ya tsaya riƙe da abin magana, sauran mintinsa yana tafiya a banza. Wani tsoho a gaba ya ce amin, don ya saba. Tirzah ta ce, "To, Baba." Ta kama hannun rigarsa kamar yadda take yi tana ƙarama in za su tsallaka titi, a haka muka sauko.

Ba za ta biyo mu gida ba. A filin motoci ta gaya min, za ta zauna wajen Lorna, a watan Agusta ta fara karatun kula da dabbobi a wata kwaleji a Tulsa. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye ba. Na zaci in aka shirya sai a koma yadda ake. Na ciro littafin halittu daga jaka na ba ta. Ta shinshina bangon ta yi dariya, ta ce har yanzu yana nan. Lorna ta ce min in daina kallon gashin yarinya kamar an yi mata sata.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma, a hanya

Bayan sujada muka kama hanyar gida. Kujerar taga babu kowa, Boaz kuma har yanzu bai yarda a ɗora komai a kai ba. Wa'azi yana tafiya, mai wa'azi ya yi tarinsa a inda ya saba. Da muka wuce Tulsa ban waiwaya ba, amma na ga Wendell yana duba madubi ya fi yadda hanya ke buƙata.

Can gaba Selah ta sake hango shanu, ta fara magana, ta tuna, ta haɗiye. Wendell ya miƙa hannu ya kashe wa'azin.

Ya ce, "Sake faɗa, 'yar Baba, ban ji ba."

Ta maimaita. Ya ce bai sani ba, a tambayi malamarsu. Malama ta ce ita ma ba ta sani ba. Sai ya gangara gefen titi ya tsaya, muka fito mu huɗu muka jingina da shingen waya. Boaz ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce iska ce suke juya wa baya. Wendell ya ce wataƙila rana ce. Selah ta ce wataƙila akwai hedimastansu a can gaba. Shanun dai ko kallonmu ba su yi ba.

Na ɗauki hotonsu na tura wa Tirzah tare da tambayar. Kafin mu koma mota amsa ta shigo: "Ban sani ba tukuna, Mama. Gobe zan tambayi likita in kira ki."

Gobe Litinin. Fensir biyu zan ajiye, da waya a gefensu.